Tayar Jirgin Ƙasa da Tayar Jirgin Kara

Da zarar kaka ta yi, aka girbe gero da dawa aka tara kara a bayan gida, kin san yara sun samu aikin yi. Rezar da kika soke a jikin danga za ta yi ɓatan dabo. Tsohon silifas ɗin da kike ta cewa za ki kai a gyara miki zai wayi gari da manyan huji huɗu. Kafin la'asar kuma ki ji ana ƙugin inji da baki tun daga zaure har tsakar gida. Haka abin yake a Gwashi, haka yake a Nasarawar Burkullu da Gummi da Anka, kuma haka iyayenmu maza suka taso suna yi da sakaina da langa-langa tun kafin silifas ya wadata.

Samfurin ne kawai ya canja. A da a-kori-kura ake ƙerawa ko tirela. Yanzu yaron da bai taɓa taka tashar jirgi ba zai ga jirgin Abuja zuwa Kaduna a wayarki ko ta babansa, ya jera gwangwanayen kifi biyar a zare, ya ce shi jirgin ƙasa ya haɗa. Daga nan tambayoyi ke biyowa baya. Inna, tayar jirgi ta fi ta tirela girma? Me ya sa ba ta yin faci? Ina sitiyarinsa yake? Yawancinmu "je ka tambayi babanka" muke cewa, shi kuma baban ya ce a bari sai an je makaranta.

Na ga ya dace mu amsa wa yaran nan da kanmu, domin amsar tana da daɗin ji, kuma a cikinta akwai lissafin da zai amfane su a aji. Sai dai ni ma'aikaciyar jinya ce, girman taya ya dame ni ta wata fuskar daban. Tayar abin wasa tana cikin abubuwan da ke faɗawa baki da hancin ƙananan yara, kuma bambancin santimita ɗaya ko biyu shi ke raba wasan yamma da neman mota zuwa asibiti da tsakar dare.

Inda dogo ya tsaya

Layin dogo bai taɓa zuwa yammacin Zamfara ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne reshen da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya ƙare a Kaura Namoda a shekarar 1929. Turawa sun shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, bayan jirgi ya fara isa Kano a 1911. Bunƙasar Gusau a matsayin garin kasuwanci tana da alaƙa da wannan dogo ƙwarai. An daɗe jirgin fasinja bai zama abin yau da kullum a layin ba, amma ƙarafunan suna nan, duk ranar da kuka shiga Gusau za ki iya nuna wa yaro su.

In kun tsaya, ki sa ya lura da tazarar da ke tsakanin ƙarafunan biyu. A tsohon layinmu tazarar santimita 106.7 ce, wato mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016, ya fi faɗi, santimita 143.5 ne, kuma shi ne awon da mafi yawan jiragen duniya ke bi tun zamanin injiniya George Stephenson na Ingila. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, shi ma a kan wannan awo ake gina shi. Saboda haka jirgin Rigasa ba zai iya hawa dogon Gusau ba ko da an ɗauko shi an ɗora. A da ma akwai wani siririn layi mai santimita 76 kacal daga Zariya zuwa Jos, na jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957.

To, ga amsar tambayar farko. Tayar tarago a yawancin ƙasashe tana tsakanin santimita 84 zuwa 92 daga wannan baki zuwa wancan. A Turai 92 aka fi amfani da ita. Idan kina son ki kwatanta wa yaro, santimita 92 ita ce kusan tsayin ɗan shekara biyu da rabi a sandar awon da muke tsayar da yara a asibiti. Tayar tirela kuwa ta ɗan haura mita ɗaya. Kin ga ashe tirela ta fi tarago girman taya, abin da yara ba sa yarda da shi da farko. Inda jirgi ya yi mata nisa shi ne nauyi. Taya ɗaya zallar ƙarfe ce, ba roba ba iska, kuma ta fi buhu uku na masara nauyi. Biyu tare da sandar ƙarfen da ta haɗa su suna kaiwa tan guda ko fiye. Ga dalilin rashin faci nan.

Manyan tayoyi na gaske sai a tsofaffin jiragen gawayi. A irinsu, yawan girman taya shi ne yawan gudu, domin juyi ɗaya yana cin ƙasa mai yawa. Wani kan jirgi na Ingila mai suna Mallard, wanda ya yi gudun kilomita 203 a sa'a a shekarar 1938, tayoyinsa sun ɗan haura mita biyu, sun fi dogon namiji tsayi. Masu jan kaya masu nauyi kuwa ƙananan tayoyi ake sa musu, don ƙarfin ja aka fi buƙata.

Jirgin da ba shi da sitiyari

Wannan ce tambayar da ta fi burge ni, kuma ita ce za ki iya gwadawa a tsakar gida.

Tayoyin jirgi biyu, na dama da na hagu, a manne suke da sandarsu, tare suke juyawa, ɗaya ba ta iya fin ɗaya sauri. To a kwana fa? Tayar da ke waje dole ta ci tafiya mai tsawo fiye da ta ciki, kamar yadda in yara suka riƙe hannu suna zagaye, na ƙarshen layi shi ke gudu, na tsakiya yana taku a hankali. Dabarar tana cikin sassaƙar tayar. Fuskar da ke taka dogo ba a miƙe take ba, an ɗan karkata ta, ɓangaren ciki ya fi na waje kauri kaɗan, kamar jikin kofi. Idan jirgi ya shiga kwana sai tayoyin su ɗan zame waje. Ta waje ta hau kan dogo da wurinta mai faɗi, ta ciki ta taka da wurinta siriri. Juyi ɗaya suka yi, amma ta waje ta fi cin ƙasa, sai jirgin ya karkata da kansa. Leɓen nan da ake gani a gefen tayar ta ciki, mai tsayin kusan santimita 3, mai gadi ne kawai, yana hana ta sauka in abu ya yi tsanani. A kwana mai tsauri shi ke gogar dogo yana wannan ƙara mai kashe kunne.

Gani ya kori ji. Ki samu kofunan roba huɗu irin na biki, masu faɗin baki da siririn gindi. Ki haɗa biyu baki da baki ki naɗe da salatif. Sauran biyun ki haɗa su gindi da gindi. Ki jingina kara biyu miƙaƙƙu a jikin turmi ko kujerar tsuguno su yi gangara, da 'yar tazara a tsakani. Ki bar yaro ya gangaro da kowanne. Na baki da baki zai yi ta gyara zamansa har ya sauka ƙasa. Na gindi da gindi ba zai yi nisa ba zai kauce ya faɗi. Kada ki yi masa bayani tukuna, ki bari ya maimaita sau biyar ko goma, shi zai fara faɗa miki dalili.

Daga nan ma zai gane abin da ke sa motarsa ta kara ta riƙa karkata gefe guda duk yadda ya ja ta. Taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma, motar kuma kullum wajen ƙaramar take nufa. Maganinsa ya zana duk tayoyin da gindin gwangwani ɗaya kafin ya yanka.

Wani abu kuma da ya kamata duk yaron da ke zuwa hutu Gusau ko Kaura ko Zariya ya sani. Wurin da tayar jirgi ke taɓa dogo bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, ƙarfe a kan ƙarfe. Shi ya sa kai ɗaya ke iya jan taragu da yawa, kuma shi ya sa tsayawa ke da wuya. Dogon jirgi mai kaya in yana gudu yakan yi fiye da kilomita guda bayan an taka birki. Direba zai iya hango yaro a kan layi, amma ba shi da yadda zai yi.

Manya ma suna wasan jirgi

A Turai da Amurka da Japan akwai dattawa masu furfura da ke kashe kuɗi da shekaru suna haɗa ƙananan jirage a ɗaki, da tasha da gada da itatuwa, komai daidai da na gaske amma an rage shi da awo. Wani kamfanin Jamus mai suna Märklin ne ya fara tsara awon layukan wasan tun 1891. A birnin Hamburg akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, inda tsawon ƙaramin dogon da aka shimfiɗa ya haura kilomita 15, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo.

Awon da ya fi yawa a wurinsu suna kiransa HO. Ma'anarsa a raba komai gida 87 a ɗauki ɗaya. Tazarar dogo ta santimita 143.5 sai ta koma milimita 16.5. Tayar santimita 92 sai ta koma santimita ɗaya da ɗigo, kamar maɓallin rigar jariri. Akwai wanda ya fi wannan ƙanƙanta, mai suna N, inda ake rabawa gida 160. A nan tayar ba ta kai milimita 6 ba, ƙwayar wake ta fi ta.

Abin dariyar shi ne su ma suna ɗan yin coge. Da za a rage leɓen tayar daidai da lissafi, a awon HO zai zama kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita, ɗan ƙurar da ta kwanta a kan layi ma ta isa ta kayar da jirgin. Ga shi kuma kwanar da ake yi a kan tebur, in aka mayar da ita girman gaske, ba ta fi zagayen da igiya mai mita 31 za ta zana ba, alhali kwanar babban layi tana cin ɗaruruwan mitoci. Saboda haka masu ƙerawa sai su ninka leɓen sau biyu ko fiye, su ƙara wa tayar kauri, don jirgin ya zauna. Masu tsananin son daidaito suna ƙorafi a kan haka, su sayi tayoyi na musamman su canja. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, in ɗanki ya sa wa motarsa tayoyin da suka yi mata yawa, babu abin gyarawa. A tsakar gida mai yashi da tsakuwa babbar taya ce ke tafiya, ƙarama nutsewa take yi. Yaron ya gano haka da hannunsa tun kafin a koya masa.

Ɗan firamare biyar ko shida zai iya yin nasa awon. Murfin robar lemo yana da faɗin kusan santimita 3. A raba 92 gida 3, an samu kusan 30. Ke nan jirgin da aka yi wa taya da murfin lemo ya yi ƙasa da na gaske sau 30. To tazarar dogonsa nawa za ta zama, in na Gusau yake kwaikwayo? A raba 106.7 gida 30, santimita uku da rabi ke nan. Taragon fasinja mai mita 20 kuma zai koma kusan santimita 67, wato ya fi gwangwanin kifi tsawo nesa ba kusa ba, sai dai a yi shi da kara. Ki ba shi tef ɗin ɗinkinki ya auna da kansa. Kuma don Allah a ba 'yan mata ma. Sau da yawa yarinya na tsaye tana kallo, ita ce ta fi saurin lissafin, amma an ce mata wasan maza ne, ta je ta riƙe ƙaninta.

Awon da ni na fi damuwa da shi

Akwai lamba ɗaya da nake so ki riƙe fiye da duk waɗanda na lissafa, ita ce santimita 3.2. Masu gwada lafiyar kayan wasa a Amurka da Turai suna da wani ɗan bututu mai wannan faɗi, wanda aka yi shi a kan maƙogwaron ɗan ƙasa da shekara uku. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ba a yarda a sayar da shi don yaran wannan shekaru ba. Shi ne ma'anar jan da'irar da kike gani a jikin kwalin abin wasa, da fuskar jariri da 0-3 an ja layi a kai.

Yanzu ki koma kan tayoyinmu. Ta HO santimita ɗaya. Murfin lemo santimita uku. Tayoyin jirgin roba mai batir da ake kawowa kasuwannin Gusau da Gummi gab da Sallah, yawancinsu ba su fi haka ba, kuma a kan siririyar waya aka soka su, jan haƙori ɗaya ya isa ya ciro su. Matsalar a gidajenmu ita ce ba a raba wurin wasa. Yaya ɗan shekara tara ne ya haɗa jirgin, shi ba zai sa taya a baki ba. Amma mai rarrafe yana biye da shi, kuma duk abin da ya faɗi ƙasa nasa ne.

Idan abu ya shaƙe yaro, ki fara kallonsa. In yana tari da ƙarfi ko yana kuka, iska na wucewa, ki bar shi ya yi tarin, kina kusa. In kuwa ya yi shiru, baki a buɗe ba sauti, leɓe ya fara canja launi, babu lokacin neman mayafi. Jaririn da bai kai shekara ba, ki kifa shi a kan hannunki, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, kina tallafe da haɓarsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar da tushen tafin hannu. In bai fito ba ki juyo shi rigingine, ki danna tsakiyar ƙirjinsa sau biyar da yatsu biyu. Ki ci gaba da juyawa tsakanin biyun. Wanda ya wuce shekara, ki sunkuyar da shi ki buga bayansa sau biyar, sannan ki zagaye shi ta baya, ki sa dunƙulen hannu sama da cibiya kaɗan, ki ja ciki da sama sau biyar. Kada ki zura yatsa kina lalube in ba kya ganin abin, tura shi ciki za ki yi. Kada a ɗura masa ruwa ko manja. Ko da ya fito, a kai shi a duba.

Wani lokaci abin yakan wuce ya zauna a huhu, yaro ya lafa, kowa ya ce an auna arziki. Bayan kwanaki sai tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko numfashi mai fito, ko zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. In haka ta faru ki gaya wa likita cewa ran nan ya taɓa shaƙewa, wannan jimla ɗaya tana canja inda za mu nema. Abin da ya shiga hanci kuwa, a bar tsinke da ashana. Hanci ɗaya da ke zubar da majina mai wari, ɗayan lafiya lau, sau da yawa wani abu ne a ciki.

Wanda ya fi taya haɗari shi ne ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin jirage masu fitila da kiɗa. In ya maƙale a hanyar abinci yana iya ƙona nama cikin sa'a biyu, yaro kuma yana iya zama kamar ba abin da ya same shi. Wannan na tafiya asibiti ne nan take, ba a jira gari ya waye, ba a sa shi amai. In yaron ya cika shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma ba a wuce sa'a 12 ba, a ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti goma, har sau shida, a kan hanya. Zumar tana rage ƙunar ne kawai, ba ta cire batirin. Daga ɓangarenmu tafiyar tana iya kaiwa har Gusau ko Sakkwato, inda ake da kayan cirowa, kin kuma san halin hanyoyinmu da dare. Shi ya sa nake cewa duk abin wasan da murfin batirinsa ba da sukurudireba ake buɗewa ba, a cire batirin a bar yaro ya tura da hannu. Haka maganaɗisun da ke haɗa taragu. In yaro ya haɗiye biyu suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi.

Dalma

Mu a nan ba ma buƙatar a ba mu labarin gubar dalma. A shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Bincike ya nuna dutsen zinaren da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma. 'Yargalma, Dareta, Abare, daga baya Bagega. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka sha magani, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin Bagega sai a 2013 aka yi shi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Me ya haɗa wannan da jirgin wasa? Jirgin kara a ƙasa yake tafiya. Tayarsa na kwasar ƙura, hannu na taɓa taya, hannu na zuwa baki. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, abin ya fi muni in cikinsa babu abinci ko yana da ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a kira marar illa. Kaɗan ɗin da ba ya kawo jijjiga yana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, sai a makaranta a ce yaro ba ya ganewa.

Saboda haka in maigida ko yayyen yaran suna zuwa wajen haƙa, kayan aikinsu da takalmansu da buhunan da aka zuba dutse kada su zama kayan wasa. Silifas ɗin da aka je wajen niƙa da shi bai dace a yanka taya da shi ba. Lakar da yara ke gina shanu da tayoyi da ita kada a ɗebo ta kusa da inda ake wanke dutse ko inda aka taɓa niƙawa. Tsohon batirin babur ko na mota ko na sola da aka jefar a bayan gida, faranti-farantin cikinsa dalma ce zalla, yara kuma suna son fasawa su narka. A fitar da shi daga gidan.

Kayan kanti ma ba su tsira ba. A watan Yunin 2007 an janye kusan jiragen wasa na katako miliyan ɗaya da rabi daga kasuwar Amurka, samfurin Thomas & Friends, saboda an samu dalma a fentinsu. Wannan a ƙasar da ake gwaji ke nan. Ido ba ya gane fenti mai dalma, don haka abin wasa na gwanjo da fentinsa ke ɓarewa, musamman na ƙarfe, ni ba na ba mai fitar da haƙori. Tunda ana maganar, kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai shi ma sau da yawa dalma ce a cikinsa, amma wannan zance ne na wata rana.

Yaron da ke yawan ciwon ciki, ko amai, ko kasala da fushi ba dalili, ko wanda ya daina abin da ya riga ya iya, a gidan da ake hulɗa da dutse, a faɗa wa ma'aikacin lafiya a nemi gwajin jini. Jijjiga ba tare da zazzaɓi ba kuwa, ba a tsaya turare.

To da me za a yi tayar?

Ban ce a hana ƙera jirgi ba. Ni da za a bi ta tawa, na fi son jirgin kara a kan na kasuwa, domin babu batir, babu fenti, kuma yaro ya san yadda aka yi kowane ɓangare. Awon kawai za a gyara. A gidan da akwai ɗan ƙasa da shekara uku, taya kada ta yi ƙasa da gindin ƙaramin gwangwanin tumatir, wato wajen santimita 5. A zana da gwangwanin, a yanka daga silifas na gida da aka wanke da sabulu, ko daga sakaina a goge bakin da dutse. A bar murfin kwalba da maɓalli da jan murfin tsohon batirin rediyo. In ɗanki mai son lissafi ne, ki ce ya sake awon: 92 a raba gida 5, jirginsa ya koma ɗaya cikin 18, dogon Gusau kuma ya zama kusan santimita 6.

Gutsattsarin robar da suka rage bayan yanka su ma a share su nan take, su ne mai rarrafe ke fara tsinta. Bakin gwangwani a daddake shi da dutse ya kwanta. Yankan da reza a yi shi a gabanki ko gaban babban yaya, rezar kuma ta dawo hannunki. In an yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta, ban da toka ko ƙasa ko man birki. Sannan ki ɗauko katin rigakafinsa ki duba ko ya karɓi allurar Penta uku, ta sati shida da ta sati goma da ta sati goma sha huɗu, domin a cikinta kariyar cutar sarƙewar haƙora take, wadda a asibiti muke kira tetanus. In katin bai cika ba, ko raunin ya yi zurfi kuma da datti, ku je asibiti mafi kusa a ranar, da katin a hannu.